Layin Gamba a Gonar Maikujera

Tun kuna yara kuke jin ana cewa ubanku ya ɗauki igiyar awo ya je ya yanka wa uwarsa gona daga gadon ɗiyan kawunsa. Ba a gabanku ake faɗa ba, amma Wurno ba ta kai girman da magana za ta ɓace a cikinta ba, kuma na ga fuskar 'yar'uwarku Hafsatu ranar da ta dawo daga wani suna a Rabah ta ƙi taɓa tuwo. Na yi shiru shekara da shekaru saboda Inna tana raye, ita kuwa ba ta son a tayar da zancen. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sanarwa, don haka bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, har da nawa laifin, don akwai shi.

A shekarar ina dab da arba'in, kuma ina cikin shekara ta biyu ta koyon aiki a ƙarƙashin Alhaji Mainasara a Sakkwato. Aikinmu shi ne faɗin darajar gida ko gona ko fili, idan kotu za ta raba gado, ko gwamnati za ta biya diyya, ko mutum zai sayar yana tsoron a cuce shi. Mutanen garinmu ba su taɓa bambanta mu da 'yan safiyo ba. Su dai sun ga mutum da igiya da littafi a gefen gona, shi ke nan, gwamnati ta zo ƙwace. Haliru mai igiya suke ce mini, kuma na lura in na shiga majalisa sai a daina zancen gona a koma zancen ruwan bana. Karatu na riga na gama shi, amma karatu ba ya ba ka hatimi. Sai ka yi shekara biyu a hannun mai lasisi, ka tara rahotannin ayyuka iri-iri a fayil, sannan ka je gaban manyan sana'ar su yi maka tambayoyi, kuma sau ɗaya ake wannan zama a shekara. Kafin nan kai ne mai shan rana, kai ne mai shiga ƙaya, wani ya zauna ƙarƙashin fanka ya sa hannu. Fayil ɗina ya cika, saura rahoto ɗaya tak, na rabon gado, kuma saura mako shida a rufe karɓa.

Alhaji Mainasara mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya duba bayanka ya ga da wa kuka zo. Shi ya koya mini zargi, ko in ce ya tarar da shi a jinina ya yi masa taki. Karatunsa na kullum shi ne, duk iyakar da aka nuna maka da baki daga inuwa ƙarya ce, sai ka taka ta da ƙafarka. Na riƙe wannan karatu da kyau, har ma fiye da yadda ya kamata.

Kawu Isiyaku, yayan Inna, su biyu kaɗai iyayensu suka haifa, ya rasu a farkon daminar. Ya bar mata ɗaya, da ɗa namiji guda, wato Baffanku Lawwali, da 'ya'ya mata uku. Ya bar gida a Rabah, da fadamar albasa wajen Rimawa, da babbar gonar gero a Maikujera. Bayan an cire amfani, mijin ɗaya daga cikin 'ya'ya matan ya zuga aka kai magana gaban alƙali, wai bai yarda da ƙiyasin dattawa ba, za su karya farashi Lawwali ya saye rabon ƙannensa a banza. Kotu ta aiko ofishinmu. Alhaji ya kira ni, ya ajiye takardar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Kawunka na, na sani. Kana da gado ciki?"

"Babu, Alhaji. Ya bar ɗa namiji."

"Uwarka hwa?"

"Ita ma ɗan ya toshe ta."

"To sa hannu nan, cewa ba ka da komi cikin dukiyag ga, kai da wanda za ka ci gadonai. In ka yi min ƙarya, ni da kaina za ni kai sunanka inda ba ka samun hatimi har ka mutu."

Na sa hannu da zuciya ɗaya. Har murna nake a hanyar Wurno, ina cewa Allah ya kawo mini na ƙarshe har gida.

Inna na tarar a tsakar gida tana tsince wake. Na gaya mata, ina jiran addu'a. Sai hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Duk Sakkwato ba a samu wanda za a aika ba sai kai?"

"Inna, ai alheri na. Da shi za ni cika takarduna."

"To ka auna gida, ka auna hwadama. Gonar Maikujera kowa ya san ta, mi za ka auna ciki?"

Ta koma kan wakenta. Ni kuwa nan take zuciyata ta ce ruwa ba ya tsami banza. Na san yadda take ji da Lawwali, ko mu da ta haifa ba ta yi mana irin dariyar da take yi masa. Duk kaka shi ke kawo mata damman gero daga Maikujera, tun ubansa yana kawowa a bayan raƙumi yana biye da shi, har ya zama shi ke kawowa a a-kori-kura. Ranar nan Inna takan share gida tun safe, ta dama fura da nono mai kauri, ta shimfiɗa tabarmar baƙi, su zauna har la'asar suna lissafa wanda ya mutu da wanda ya haihu daga Tursa har Goronyo. Sai na raya a raina cewa Lawwali ya yi wata ɓarna a gonar, Inna ta sani, tana rufa masa asiri.

Gida da fadama ba su ba ni wahala ba. Ranar gonar Maikujera muka tafi da Lawwali a kan babur ɗinsa. Taubashina ne, ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawansa yake kirana, kuma ko a makabarta ba ya fasawa. Muna isa ya kafe babur a gindin wani gawo, ya zauna, ya miƙa leɓe.

"Bawa, ga ta nan. Daga tsamiyar can har kwari, daga hanya har gonar Malam Buba. Rubuta mu tahi, rana na yi."

Daga inuwa, da baki. Kamar Alhaji ne ya tsaya a bayana yana tari. Na ce masa ubangidan da ke tsoron rana ai ya zauna, bawa zai taka. Na ɗauki igiya na bi iyaka, kara yana karce mini ƙafa. Iyakar lafiya lau take, gamba ce jere a kowane gefe kamar yadda ake yi. Abin da ya tsayar da ni wani layin gamba ne a cikin gonar kanta, ya ratsa ta daga kudu zuwa arewa, miƙe sak. Kuma ba dashen bara ba ne, gindinsa ya yi kauri, wasu sun fi turmi faɗi. Na auna yamma da layin, na auna gabas da shi, na zauna a kan kunya na buga lissafi. Na sake aunawa don ban yarda da kaina ba. Ɓangaren gabas kashi ɗaya ne cikin uku na gonar, bai ƙaru da taki biyar ba, bai ragu ba.

"Lawwali, wanga layi na mi na?"

"Wane? A'a, gamba ta. Baba yad dasa don zana."

"Gambar zana tsakiyar gona?"

"Kai dai bawa akwai tambaya. An aiko ka awon gona ko ƙirgar ciyawa?"

Ya yi dariya, amma bai dube ni ba, yana ta kakkaɓe wandonsa da babu komai a jiki.

Ga laifina, ku ji shi daga bakina. Maimakon in zauna kusa da shi a gindin gawon nan in ce ɗan'uwa, gaya mini gaskiya, sai na hau babur. Na riga na yanke masa hukunci: ya sayar da gabashin gonar a ɓoye, ko ya jinginar, kuma yana so in rubuta ta duka don kada ƙannensa su farga sai bayan rabo. Kwana huɗu na yi ina bin bayansa. Na je wurin mai unguwa na yi tambaya a kaikaice. Na je kasuwar Goronyo na sami dillalan gona a rumfarsu, na sayi goro na raba, na ce ko kun ji an sa wata gona a kasuwa wajen Maikujera, ta gidan marigayi Isiyaku? Ina ganin kaina mai wayo. Na manta cewa tambayar da ka yi wa dillali da hantsi, kafin azahar ta zama labari, kafin la'asar ta zama shaida. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to nawa bai ma zama gaskiyar ba.

A rana ta biyar na koma Maikujera ni kaɗai, na sami Malam Buba, maƙwabcin gonar, tsoho tukuf, yana saƙar zana a ƙofar gidansa. Na gaishe shi, na kewaya, na kewaya, sannan na kawo zancen layin. Bai ɗaga kai ba.

"Kai ɗan wa na?"

"Ɗan Hajo, ƙanwar marigayi, ta Wurno."

Sai ya ajiye saƙar, ya daɗe yana dubana kamar mai tunanin ko ina da hankali.

"Ɗan Hajo, kuma kai ka tambayata? Wanga layi ni da Isiyaku munka dasa shi, shekarar da kakanka yar rasu. Liman yab bi da taki, mu muna bi da gamba. Tashi ka koma gida ka tambayi wadda tah haihe ka."

A motar Wurno abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, karatun da ko ɗan shekara goma ya sani, ni da takardar makaranta na zauna a kan kunya na kasa gani. Damman da ake kawo mana ba su taɓa zuwa daidai ba, shekarar albarka su haura ashirin, shekarar fari su tsaya bakwai, alhali mai kyauta yakan tsayar da abin da zai iya ne. Ban taɓa jin Inna ta ce an gode ba, sai dai sannu da hanya, Allah ya amfana. Sannan duk dami goma takan sa a ware ɗaya a kai wa malamin unguwarmu. Wa ke fitar da zakka a kan kyauta? Shekara arba'in ina cin tuwon geron nan ina cewa Kawu mutumin kirki ne. Mutumin kirki ne, amma geron na Inna ne.

Na same ta ta idar da azahar. Na zauna a bakin ƙofa na ce na je wurin Malam Buba. Ta daɗe tana jan carbi.

"Tsohon banza, bakinai bai tsuhwa ba."

"Inna, don mi ba ki taɓa hwaɗa min ba?"

"In hwaɗa maka mi? Ni ban taɓa cewa a ba ni ba, shi kau bai taɓa cewa tashi ta ba. Mace ta tsaya gaban yayanta ta ce yanka min gonar ubana in ga iyakata? Wanga rashin kunya ba da ni ba. Shina noma, shina kawowa, muna gaisawa. Mi yar rage?"

Na yi mata bayani cewa yanzu ba Kawu, kotu za ta raba abin da muka rubuta. In na rubuta gonar duka tasa ce, za a yanka ta biyar, wataƙila gabashin ya faɗa hannun surukin nan mai zuga, ya sayar wa baƙo. Na ce akwai hanya mai sauƙi, ta ce ta bar musu a gaban shaidu biyu, in rubuta, kowa ya huta. Ba zan ɓoye muku ba, wannan hanyar nake so, domin ita ce za ta bar mini rahotona. Sai na ga idonta ya kawo ruwa, abin da ban saba gani ba.

"Nan babana ka ɗaure akuyarshi in muna kai mai abinci. Ba ni bayarwa."

"To sai a rubuta taki ta."

"Ba ni amsa. In kar rubuta, za su ce na aiki ɗana da igiya bayan ɗan'uwana ya kwanta. Lawwali ba shi ƙara tako gidan ga. A bar ta yadda take, Haliru."

Ba ta karɓa, ba ta bayarwa. A wurinta magana ce mai kai da gindi, kuma shekara arba'in tana aiki. Takardar kotu ce ba ta da gurbin da ake rubuta irin wannan.

Kwana uku rahoton yana cikin jakata. Babu wanda zai kama ni in na yi shiru: Lawwali ya ce gambar zana ce, Inna ba za ta yi magana ba, Malam Buba ba mai zuwa kotu ba ne. Uwarku ta ga ina juya abinci, na gaya mata, ta ce ita dai shekara biyu tana gaya wa 'yan'uwanta bana ne, bana ne, amma in yi abin da zan iya kwana da shi. Na ji haushin Inna, na ji haushin Kawu da ke kabari, na ji haushin liman da ya bi da taki bai rubuta ko layi ɗaya ba. Amma na san in na fara hatimina da rubuta gonar wata a cikin gadon wani, to kowace takarda na buga masa bayan nan ƙarya ce ke bin ta. Ranar Litinin na shiga ofishin Alhaji na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama, ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardar da na sa wa hannu.

"Kac ce ba ka da komi ciki."

"Ban sani ba, Alhaji."

"Na yarda ba ka sani ba, don da ka sani da ba ka taho ba. Amma aikin ga ya hita hannunka. Wani za ni aikawa shi sake awo tun daga hwarko, sunanka ba shi hitowa ko a bayan takarda. Kuma dole in shaida ma alƙali zancen layin ga. Hatimi sai baɗi, in muna da rai."

Haka aka yi. Aka kira Malam Buba, aka kira Inna. Ta shiga kotu a lulluɓe, karo na farko kuma na ƙarshe a rayuwarta. Alƙali ya tambaye ta ko gabashin gonar rabonta ne na gadon ubanta. Ta ce, "Haka na," da muryar da sai da magatakarda ya maimaita. Aka cire kashinta, aka raba saura. A bakin kotu Lawwali ya tare ni, kuma ranar ce farkon da ya kira ni da sunana.

"Haliru, kab bi kasuwar Goronyo kana tambaya ko ni ɓarawo na. Dillalai na nuna ni da baki. Ashe mai igiya shi ka yanka."

Sai bayan shekaru na ji daga bakin ƙanwarsa cewa Kawu ya yi masa wasiyya a kan gadon ciwo: ya nemi gabashin gonar ya faɗo cikin rabonsa, ya ci gaba da kai wa Gwaggo geronta, kada ya bari a kai ta gaban mutane. Abin da yake ƙoƙarin yi ke nan a gindin gawo. Ya ɓoye mini ne don yana zargin Inna ta gaya mini, na zo da igiya in karɓa. Ni ina zarginsa da sayarwa, shi yana zargina da ƙwace, a kan babur ɗaya, cikina yana taɓa bayansa.

Da kaka ta zagayo, na riga na ba wani manomi ɓangaren Inna. Gero ya yi kyau, damman ma sun fi na kowace shekara. Duk da haka Inna ta share gida tun safe, ta dama fura, ta shimfiɗa tabarma. Wajen azahar motar haya ta tsaya, direba ya sauke damman a ƙofa yana sauri, ya ce a sa masa hannu. Inna ta leƙo ta dubi gaban motar, ta dubi bayanta. Ta koma ciki ta naɗe tabarmar da kanta.

"Da can gero da mutum ka zo min," ta ce da ni. "Yanzu ka samo min gero."

A shekarar na sami lasisi. Na kawo hatimin gida na buga mata a farar takarda ta gani. Ta shafa wurin da yatsa, ta ce madalla, Allah ya sa albarka, ta miƙo mini. Na yi aiki da shi shekaru masu yawa, ya ciyar da ku, ya kai ku makaranta, kuma ban taɓa buga shi a kan abin da ban taka da ƙafata ba. Ban yi nadamar abin da na gaya wa Alhaji ba. Kwana huɗun nan na bin kasuwa su nake nadama, domin da na tambayi Lawwali ido da ido, da mu biyu muka je gaban alƙali tare, da ba a kai tsohuwa kotu ba. Sau uku ina zuwa Rabah ba shi haƙuri, sau uku ana ce mini ya tafi Rimawa, alhali ga babur ɗinsa a zaure.

Shekara goma sha ɗaya Inna tana dama fura ranar da za a kawo gero, mu ne muke shanyewa da yamma. Ta rasu a cikin kaka. Mun dawo daga makabarta muna zaune a ƙofar gida, sai ga babur ya tsaya, da dami ɗaya ɗaure a baya. Lawwali ne, gemu ya yi fari fat. Ya kwance damin da kansa, ya ƙi a taya shi, ya kai shi har bakin ɗakinta ya jingine. Ya fito ya zauna kusa da ni.

"Na Gwaggo na," ya ce. "Na makara, bawa."

Gabashin gonar ya faɗo cikin rabona, yanzu nawa ne, gobe naku. Na ba Isiyaku ƙarami, ɗan Lawwali, yana nomawa, kuma wannan karon an rubuta, da shaidu, takardar tana cikin akwatina tare da hatimin. Abu ɗaya ne ban sa a takardar ba, shi nake gaya muku a nan. Kada ku taɓa aika mota ta ɗauko geron. Ku bari ya kawo da kansa, ko zai makara, kuma ranar da zai zo a share gida a dama fura.